Istihara da Amanar Rayuka: Mas'alar Sabon Matuƙin Jirgin Sama

Ba kasafai ake samun yaron da ya tashi a Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ya tafi kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ya jure wa tsadarta da tsawon karatunta har ya fito da lasisi a hannu ba; kuma ko an samu, galibi zaman jira ke biyo baya, domin lasisin da ake bayarwa bayan awa 200 ko kusa da haka a sama bai isa a danƙa wa mutum Boeing ba, sai ya ƙara wani horo a kan ainihin irin jirgin da zai tuƙa, horon da kuɗinsa kan gagari gidan masu rufin asiri. Saboda haka idan Allah Ya nufa kamfani biyu suka kira shi a lokaci guda, ni'ima ce da ta wajabta shukura, amma da ita mas'ala take farawa.

Abin da za a faɗa a majalisar ƙofar gida sananne ne. Kawunsa zai ce, "Ɗana, ka kama na Kano, ga kusa da mahaifiyarka, ga jigilar alhazai irin wadda Max Air ke yi, ka ci abinci ka sami lada." Abokai su ce Legas, ko ma wata ƙasa inda ake biya da dala. Sai a juya ga liman, a ce, "Allah gafarta Malam, me ka gani?" shi kuwa ya ce a yi istihara. A jihar da aka ƙaddamar da Shari'a a 1999, tambayar farko ba ta wuce ta giya, wato ko ana rabon ta a cikin jirgin; tambaya ce mai asali, tun da hadisi ya haɗa mai ɗaukarta da waɗanda aka la'anta. Ta biyu ita ce ta salla, wadda ba ta da wuya, domin Shaihu Halilu a Muhtasar ya bar wa matuƙin jirgin ruwa yin ƙasaru ko da iyalinsa na tare da shi, ƙiyasin kuwa a fili yake.

Sai dai akwai tambayar da ta fi waɗannan nauyi a mizani, wadda ban taɓa jin an ɗaga ta a irin wannan zama ba, wato ta amanar rayukan da ke cikin jirgin. Ranar 11 ga Yuli 1991, wani jirgi samfurin DC-8, wanda Nigeria Airways ya yi hayarsa daga kamfanin Nationair na Kanada, ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato, lokacin da garuruwan nan uku suke cikin Jihar Sakkwato. Bincike ya nuna cewa tun kwanaki kafin tafiyar an san iskar wasu tayoyinsa ta gaza ƙa'ida, an kuma gyara alƙaluman da ke cikin takarda. Da makaniki ya nemi a ƙara iskar a safiyar, ba a same ta nan take ba, wanda ke kula da jigilar kuwa bai yarda a jinkirta ba. Tayoyi biyu suka fashe a kan titin tashi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin cikin jirgin da wutarsu, ya juyo don ya sauka amma ya faɗi kafin ya kai titin. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya tsira. Allah Ya jiƙan musulmi. Alfarmar fasinjojin, da tsarkin wurin da suka fito, ba su tsaya a madadin awon taya ba.

Malaman usulu sun jera abubuwa biyar da Shari'a ta zo don kiyaye su, suka sa rai gaba da dukiya. Ashe kuwa wanda zai zaɓi wurin aiki bisa yawan albashi kaɗai ya birkita jerin, wanda kuma ya zaɓa bisa sunan hajji kaɗai ya wadatu da zahiri. Na san abin da za a ce, cewa ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma da wannan kalima aka yi wa juna ta'aziyya ranar 29 ga Oktoba 2006, sa'ad da jirgin ADC ya tashi daga Abuja cikin hadari da iska ya faɗi, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Gaskiya ce, kuma ita ke sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Amma ƙaddara hujja ce a kan musiba bayan aukuwarta, ba ta zama uzuri ga mai sakaci kafin ta auku. Manomin rani a Bakura, wanda ke shan ruwan madatsar Bakolori, bai taɓa barin bakin kwatarsa a toshe ya ce ya yi tawakkali ba. Hatta Risala, da ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da suka salwanta a hannunsu ta kuma ɗauke shi daga mai jirgin ruwa, masu sharhinta sun gindaya cewa kada ya zama ya yi sakaci. Idan wannan a kan buhun gero ne, ina ga rayuka?

Don haka ra'ayina shi ne istihara ta biyo bayan shawara, shawarar kuma a yi ta da ma'abotanta. Saurayin ya nemi injiniyoyin da ke kwana ƙarƙashin fikafikan jirgi da tocila a hannu, ya tambaye su ko ana kawo kayan gyara a kan kari; ya nemi tsoffin kyaftin ya tambaye su ko an taɓa samun wanda ya ce, "Yau ba zan tashi ba," washegari kuma ya tarar da sunansa na nan cikin jadawali; ya tambaya ko albashi na fita ƙarshen wata, domin wanda ake riƙe wa haƙƙinsa wata uku harshensa kan yi nauyi wurin musu. Ya kuma tuna kamfanoni suna mutuwa, Nigeria Airways da kansa ya rufe a 2003, Kabo Air da ya cika sararin Arewa ya zama labari.

Sa'an nan ga takardar yarjejeniya. Kamfanin da ya biya masa kuɗin horo yakan ɗaure shi da shekarun da ba zai bar aiki ba sai ya biya, cika alƙawari kuwa wajibi ne, ko da daga baya ya ga abin da ransa ya ƙi. Lokacin karanta sharuɗɗan nan, da kai su ga wanda ya san shari'a, shi ne kafin sa hannu. A cikin waɗannan shekaru ne zai zauna a kujerar dama yana mataimaki, yana tara awa 1,500 da ake bukata kafin babban lasisi, yana kwaikwayon na hagunsa a yadda yake zaga jirgi kafin tashi, da yadda yake amsa wa manaja idan ya bugo waya yana cewa fasinja sun ƙosa. Idan bayan duk wannan bincike kamfanonin biyu sun yi kunnen doki, to a nan maganar kawu take da ƙarfi, ya yi raka'a biyu, ya kama wanda ya fi kusa da mahaifiyarsa.