Haƙƙin Kare a Wuyan Mai Shi

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, wani dattijo daga Jangeru ya ja ni gefe. Karyarsa ta sake haihuwar 'yan kwikwiyo bakwai, gidan kuwa tuwon yara ma da ƙyar yake isa. Ya ce, "Fasto, in na kai ta likitan dabbobi ya tsayar mata da haihuwa, ban yi wa Allah shisshigi ba?"

Tambayar tana da nauyi. A farkon littafin Farawa Allah ne da kansa ya sa wa halittu albarkar hayayyafa, kuma Littafin Firistoci 22:24 ya hana miƙa dandaƙaƙƙiyar dabba a bagade. Amma wannan doka maganar hadaya take yi, ba ta kiwon gida ba. Mu kanmu mun daɗe muna dandaƙe bunsuru ya zama taure, mu kai shi kasuwar Shinkafi, ba wanda lamirinsa ya taɓa damunsa. In mun yarda da haka domin riba, me zai hana mu yarda domin jinƙai?

Ku dubi ƙarshen kwikwiyon da ba mai so. Wani a jefa shi rami, wani ya girma a kan juji, ba abinci, ba allurar rigakafi. A ƙasar Zurmi da Shinkafi da Kaura Namoda, inda rashin tsaro ya raba mutane da ƙauyukansu, mai gudun ceton rai ba ya waiwayar kare. Irin waɗannan karnuka ne ciwon haukan kare ya fi yaɗuwa a cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma yara suna da yawa a cikinsu. Da zarar alamunta sun bayyana, tsira sai ikon Allah.

Ƙasar Indiya ta kafa doka a 2001 cewa a kama karnukan titi, a tsayar da haihuwarsu, a yi musu allura, a mayar da su unguwarsu maimakon a kashe su. Doka irin wannan tana da kyau, muddin ba ta ɗora wa talaka kuɗin da ba shi da shi ba. A nan gida kuwa, cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana sarrafa allurar rigakafin wannan cuta.

Sai dai lamirin mai bi ba ya jiran hukuma. Fitowa 21:29 ta ɗora alhaki a kan mai sa wanda ya san dabbarsa tana tunkuyi, ya ƙi tsare ta. Karin Magana 12:10 kuma ta auna adalcin mutum da yadda yake kula da dabbarsa. Mulkin da aka ba ɗan Adam a kan halittu amana ce, mai riƙon amana kuwa ba ya tara abin da ba zai iya ciyarwa ba.

Na ce wa dattijon, "Baba, ka kai ta, a haɗa mata da allura. Yaron maƙwabcinka ma yana cikin amanar."

Ya Ubangiji, ka koya mana jinƙai ga dukan abin da ka danƙa a hannunmu. Amin.