Fatawa: Sauraron Waƙoƙin Shekarun 1970 a Rediyon Intanet

Tambaya: Wani dattijo ɗan kasuwar citta a Samaru Kataf ya ce ɗansa ya sanya masa manhajar rediyo a waya. Yanzu yana kama tashoshin da ke sako waƙoƙin samartakarsa kyauta: Mamman Shata, Ɗan Maraya Jos, Bob Marley, da na fina-finan Indiya. Shin sauraronsu ya halatta, tunda tsofaffin waƙoƙi ne kuma ba ya biyan ko sisi?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsufan waƙa ba ya sauya hukuncinta, haka ma zuwanta kyauta. Wayar hannu matsayinta ɗaya da akwatin rediyon da mai tambaya ya riƙa kama Kaduna da shi a wancan zamani. Abin dubawa shi ne kiɗan, da kalmomin, da abin da suke tayarwa a zuciya.

A kan kayan kiɗa, mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana, in ban da mandiri a biki. Hujjarsu hadisin da ke cikin Buhari kan mutanen da za su halatta kayan kiɗa, da fassarar da Ibn Mas'ud ya yi wa aya ta 6 ta Suratu Luƙman. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar nan suka tashi da ita, ta hana sauraron kiɗa da waƙa da gangan. Ibn Hazm kuwa ya soki ingancin wancan hadisi, Ibn Salah ya mayar masa da martani. Imam Gazali a Ihya'u ya yi sassauci bisa sharuɗɗa, ya kafa hujja da 'yan matan nan biyu da suka yi waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar Idi, Annabi (SAW) bai hana su ba. Yusuf Ƙardawi ma ya bi wannan hanya.

Saboda haka barin kiɗan ya fi kuɓutarwa, kuma shi ake so ga dattijo. Wanda ya bi masu sassauci ba za a fasiƙantar da shi ba, amma sharuɗɗan suna kansa. Waƙar Ɗan Maraya da ke tausaya wa ɗan adam ko jan kunnen ma'aurata daban take da ta zambo, ko ta kirarin mashaya, ko wadda ke siffanta jikin mace. Waɗannan na baya ba wanda ya halatta su. Wadda ba ya jin yarenta, kamar ta Indiya, sai ya bincika ma'anarta kafin ya mayar da ita abokiyar hira. Akwai kuma abin da shi kaɗai ya sani: in waƙar tana dawo masa da marmarin wani saɓo da ya tuba daga gare shi, to ta haramta gare shi ko da ta halatta ga wani.

Rediyon intanet ba ya rufe tasha da dare, don haka sallar Asuba na iya kuɓuce masa saboda shi. Wasu tashoshin kuma da talla suke rayuwa. In tallar caca ko giya ta shigo, sai ya canja tasha.

Kiɗan da ya faɗo kunnensa a motar Kafanchan, ko daga shagon maƙwabcinsa Kirista, babu laifi a kansa tunda bai nufi sauraro ba, kuma ba dalilin rigima ba ne. Allah ne Mafi sani.