Aibin da Aka Rufe da Fenti

Yawancinmu ba mu da ƙarfin sayen sabon kaya. Rigar da yaro ya ke sawa ran Lahadi daga dilar gwanjo ta fito, ko ta Katako a Jos, ko ta Ƙofar Wambai a Kano. Keken ɗinkin da uwargida ta ke ciyad da 'ya'ya da shi, wata ta riga ta taka shi shekaru. Haka waya, da babur, da janareta, da motar da ta shigo ta Ikko ko ta Kwatano bayan ta gama aiki a Turai. Wannan ba abin kunya ba ne. Gwanjo rufin asirin talaka ne, masu sana'arsa kuwa suna yi mana aiki mai amfani. Amma cikin cinikin nan akwai wata ƙofa da Shaiɗan ya ke shiga har cikin ekklesiya, gama mai sayarwa ya san abin da ke cikin kayansa, mai saye kuwa bai sani ba.

Tsufa dabam, aibi dabam. Wanda ya sayi tsohon keke ya san tayoyi sun sha hanya, sirdi ya koɗe, ƙararrawa ta dushe. Domin wannan ne aka rage masa kuɗi, ba shi kuwa da bakin kuka, tun da araha ba ta ado. Amma idan ƙarfen keken ya tsage, aka like tsagar, aka shafa fenti a kai domin kada ido ya gani, wannan ba tsufa ba ne, algus ne. Haka wanda ya zuba baƙin mai mai kauri cikin injin babur domin ƙara ta kwanta har a gama ciniki. Haka wanda ya juya lissafin tafiyar mota baya. Haka wanda ya sayar da wayar da ta faɗa ruwa, ya busar da ita, ya yi shiru.

To, shirun nan shi ne inda wadansu masu bi su ke fakewa. Mutum ya kan ce, “Ni ban yi ƙarya ba. Bai tambaye ni ba. Da idonsa ya duba, ya taya, na sallama.” Mu duba Levitikus sura 19. A aya 14 Ubangiji ya hana a ajiye abin tuntuɓe a gaban makaho, ya kuma haɗa wannan hani da tsoron Allah. Me ya sa? Domin makaho ba ya iya ganin wanda ya ajiye dutsen, babu kuwa mai shaida sai Allah. Mai sayen tsohon inji makaho ne ga abin da ke cikin injin. Ba sai ka buɗe baki ka ce masa hanya lafiya ba. Idan ka san akwai dutse, ka bar shi ya taka domin kuɗi su shigo aljihunka, ka riga ka ka da shi. A ƙarshen surar nan, aya 35 da 36, an umurci Isra'ila su riƙe ma'auni da mudu na gaskiya, Ubangiji kuma ya tuna masu shi ne ya fitar da su daga Masar. Mutanen da aka fansa daga hannun mai zalunci ba su da izinin zaluntar juna a kasuwa.

Annabi Amos makiyayi ne daga Tekoa, ya yi wa'azi a zamanin Yerobowam na biyu, sa'anda arziki ya yawaita a Isra'ila. A sura 8 ya nuna mana wadansu 'yan kasuwa. Abin lura shi ne, mutanen nan masu kiyaye ranar Asabar ne. Ba su buɗe rumfa a ranar hutu. Suna zaune wurin sujada, amma zuciyarsu tana ƙirga sa'o'i, suna ɗokin rana ta wuce su koma su rage mudu, su ƙara kuɗi, su sayar wa matalauta da sharar alkama a maimakon tsaba. Ubangiji ya rantse ba za ya manta da ayyukansu ba. Ashe mutum ya iya rufe shago kowace Lahadi, ya ba da zakka, ya yi waƙa cikin ƙungiyar mawaƙa, duk da haka fentin da ya shafa ran Litinin yana rubuce a gaban Allah.

Kada kuwa mu ce ƙaramin abu ne. Gwauruwa ta ɗauki adashinta na shekara ta sayi keken ɗinki, bayan sati biyu ya ƙi ɗinki, makaniki ya buɗe ya ce ciki ya daɗe da lalacewa. Ba ƙarfe kaɗai ta rasa ba. Ta rasa kuɗin makarantar yara, ga zubin adashi yana jiranta kowane wata. In kuwa wanda ya sayar mata ɗan ekklesiya ne, da wane kunne za ta ji shi ran da ya tashi yin addu'a?

Ko hukumar ƙasa ba ta yarda da wannan ba. A Nijeriya akwai dokar tarayya ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, da hukumar da a ke kira FCCPC mai karɓar ƙararraki. Dokar ta ce ɗan kasuwan da ke sayar da kayan da aka yi amfani da su, ko wadanda aka gyara aka sabunta, dole ya sa alama a fili mai nuna haka. Ta ce mai saye yana da haƙƙin samun kayan da za su yi aikin da aka saye su dominsa. Idan ba su yi ba, yana da wata 3 daga ranar da ya karɓa ya mayar, a gyara masa, ko a canja, ko a ba shi kuɗinsa. Rubutun nan da mu ke gani a ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a dawo da su, ba ya kashe haƙƙin da doka ta ba mutum. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da wannan cikin shari'arsu tun da daɗewa: wanda ya tarar da ɓoyayyen aibi cikin abin da ya saya yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar. Suna kallonmu. Abin kunya ne ƙwarai a ce mai bin Yesu sai an kai shi gaban hukuma kafin ya yi abin da kowane mai mutunci a kasuwa ya sani.

Dokar ƙasa dai 'yan kasuwa ta fi kamawa. Cinikin da aka yi a zaure tsakanin maƙwabta, ba rasit, ba shaida, da wuya ta kai can. Maganar Allah tana kaiwa. Levitikus 6:1-7 ya yi zancen wanda ya cuci maƙwabcinsa a kan dukiya, ya kuwa kira wannan laifi ga Ubangiji kansa. Mai laifin za ya mayar da abin duka, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya kuma kawo hadayarsa. Wato wanda ya ci naira 50,000 ta hanyar zamba za ya biya 60,000. Mu ba mu yanka rago yanzu, gama Kristi ya zama hadayarmu sau ɗaya. Amma jinin Yesu ba fenti ba ne da za mu shafa a kan kuɗin gwauruwa. Sa'anda ceto ya shiga gidan Zakka a Yariko, aljihunsa ne ya fara shaida, ya ɗauki alkawarin mayar wa duk wanda ya zambata riɓi huɗu. Ubangijinmu kuma ya koya a Matta 5 cewa wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya bar baikonsa tukuna, ya je su shirya.

Watakila wani za ya ce, “Ni ma ban san da aibin ba, haka na saye shi.” Idan gaskiya ne, ba ka yi zamba ba. Amma a ganinmu mai sana'ar sayar da irin kayan ya kamata ya ɗauki hasarar, gama shi ne ya san inda ya saro, shi ne kuma ya ci riba. Tsakanin 'yan'uwa biyu da ba sana'arsu ba ce, su zauna su raba hasarar bisa ga ƙarfin kowa.

Mai saye ma yana da nasa. Misalai 20:14 ya san mutumin da ke kushe kaya a gaban mai shi, ya saya da araha, ya juya baya yana fahariya. Akwai kuma mai ka da waya da hannunsa, ya komo yana rantsuwa haka aka ba shi. Wannan ma sata ce. Ba a cinikin biri a sama. Ka gwada abin, ka tafi da wanda ya san shi, ka tambaya a fili ko an taɓa buɗe shi, ko ya taɓa haɗari, ka karɓi rasit, ko a yi maganar a gaban mutum biyu. In aibi ya fito, ka koma da wuri, kada ka bari wani ya kwance shi tukuna.

Idan mai sayarwan ɗan'uwa ne, Matta 18:15-17 ya shimfiɗa hanya. Ka same shi kai kaɗai da fari, ba a bakin majami'a ba, ba kuwa ta baza labarinsa cikin wayoyin mutane ba. In ya ƙi, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. Ya fi kyau ɗaya ya zama makaniki ko tela wanda ya san kayan. In ya ƙi su, sai dattawa. Bulus ya tsauta wa Korintiyawa a wasiƙarsa ta fari, sura 6, domin suna kai juna ƙara a waje, ya tambaye su ko babu mai hikima ko ɗaya a cikinsu da za ya raba gardama. Dattawa su lura, tsautawar nan ta hau kansu. Ba daidai ba ne a ce wa gwauruwa ta yi haƙuri kawai domin wanda ya cuce ta shi ne ya sayi kwanon rufin majami'a. Idan dattawa sun ƙi yin shari'ar gaskiya, ba su da bakin hana ta zuwa wurin hukuma.

Saura jaraba ɗaya, ita ce kuwa ta fi kama mutanen kirki. An cuce ka, mai kayan ya ɓace, ga babur mai ciwo a hannunka. Abokai za su ce ka wanke shi, ka zuba masa mai mai kauri, ka kai kasuwa, kai ma ka fita. Kada ka yi. Ka sayar da shi in kana so, amma ka ɗora yatsa a kan wurin ciwon, ka faɗa wa mai saye abin da makaniki ya faɗa maka, ka karɓi kuɗin da babur mai ciwo ya cancanta.