Malam Muhammadu Bakatsine da taurari: me za mu ɗauka, me za mu bari?

Yau za mu yi magana bisa wani babban malami na ƙasar Hausa, da wata tambaya mai nauyi. Ga tambayar: in malami ya shahara, duniya ta shaidi iliminsa, dole ne mu yarda da duk abin da ya rubuta?

Wane ne malamin?

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace, mutumin ƙasar Katsina. Larabawa suna ce da shi Alkashnawi, wato Bakatsine. Ya yi zamaninsa tun kafin jihadi, lokacin da birnin Katsina yake cike da malamai da fatake. Bayan jihadin da ya fara a 1804, sarakunan Katsina na da Maradi sunka koma. Saboda haka malamin nan ba baƙo ba ne gare mu.

Ya yi karatu gun malamai da dama. Cikinsu akwai Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi, wadda take cikin Cadi a yau. Ya ƙware ga lissafi, da ilimin taurari, da hatimi, da sirrin haruffa. Wajen 1730 ya tafi aikin hajji. A zamanin nan babu mota, babu jirgi, sai ƙafa da raƙumi. Ya zauna Makka, daga baya ya wuce Alƙahira ta ƙasar Masar. Can ya sauka gidan wani malami, Hasan Aljabarti, wanda shi ma masanin tafiyar taurari ne. A gidan ya rasu a 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Aljabarti, ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma ya sa labarin Bakatsinen cikin littafinsa.

Littattafansa biyu ne sunka fi shahara. Na farko Bahjatul Afaƙi, na wajen 1732, wanda yake bayanin hatimi da haruffa. Na biyu Addurrul Manzumu, wanda yake bayanin taurari da ɗalasimai. A cikinsa ya bi sawun wani tsohon littafi na malam Fakhruddin Arrazi. An buga shi a Alƙahira a 1961, shekara 220 bayan rasuwar mai shi. Ku duba fa: mutum ya taso daga ƙasarmu, ya je Masar, malaman can sunka girmama shi. Wannan abin alfahari ne.

Hatimi: lissafin da kowa ke iya gwadawa

Ga ƙaramin hatimi mai gida 9. Ku zana shi a ƙasa ko bisa allo:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ku tara layin farko: 4 da 9 da 2, sun yi 15. Ku tara na biyu da na uku, kowane 15. Ku tara daga bisa zuwa ƙasa, 15. Ku tara daga kusurwa zuwa kusurwa, har yanzu 15. Dalilinsa a fili yake. In kunka tara 1 har zuwa 9 za ku samu 45. Ku raba 45 gida 3, sai ga 15. Hatimi mai gida 25 kuwa, kowane layinsa 65 yake bayarwa, don 1 har zuwa 25 jimillarsu 325 ce, an raba ta gida 5.

Hatimin ya girmi Malam Muhammadu, an san shi tun da daɗewa a ƙasashe da yawa. Aikin da shi ya yi, ya bayyana hanyoyin jera lambobi cikin hatimi mai layi 3, ko 5, ko 7, har su daidaita. Masana lissafi na yau suna yaba masa a kan wannan.

Amma masu ilimin asiri sun ƙara wata magana. Sun ce hatimin nan mai gida 9 yana sauƙaƙa wa mace naƙuda. To, a nan magana ta rabu biyu. Cewa layi ya ba da 15, yaro ma yana iya tarawa ya gani. Cewa lambobin suna juya ɗan da ya kwanta a gicciye cikin ciki, wa ya ƙirga wannan ya gani?

Taurari ma haka suke

Manomanmu sun daɗe da lissafin taurari 28. Kowane tauraro kwana 13 yake yi, ɗaya yana da 14, shekara ta cika kwana 365. Tsofaffi sun san Nasara da Ɗarfa da Jabha cikin taurarin damina. Da su suke gane ko lokacin shuka ya ƙure. Wannan ilimi yana da tushe, don taurari suna komowa wurinsu kowace shekara. Masana ma sun faɗi rana da sa'ar husufin ranar da ya ratsa ƙasar Nijar ranar 29 ga watan Maris 2006, tun da sauran shekaru, kuma bai saɓa ba.

Akwai kuma ɗayan ɓangaren: a dubi tauraron mutum, a ce zai yi arziki, ko auren nan ba zai ɗore ba, ko wance ce ta yi masa sammu. Mu auna shi da abin da munka sani. Tagwaye, Hasan da Husaini, dare ɗaya anka haife su, ɗaki ɗaya, ƙarƙashin tauraro ɗaya. Ga shi ɗaya ya zama attajiri, ɗaya yana dako. Ina tauraron ya shiga?

An ma yi gwaji. A 1985 wani mai bincike a Amurka, Shawn Carlson, ya fito da sakamakon jarrabawar da ya yi wa masu duban taurari irin na Turawa. An ba su lokacin haihuwar mutum, da takardu 3 masu bayanin halin mutane 3, anka ce su nuna tasa. Kusan sau ɗaya cikin uku sunka dace. Ku kife ƙwarya 3, ku ɓoye goro cikin ɗaya. Wanda ya rufe ido ya nuna, shi ma sau ɗaya cikin uku zai dace.

Wani zai ce

Wani zai ce: «Kai wa ne da za ka ja da malamin da Masar ta girmama?» Wannan magana tana da nauyi, don raina na gaba ba tarbiyya ba ce. Amma malamai da kansu sun yi wannan gardama. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi babi guda cikin littafinsa Muƙaddima yana rushe duban taurari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya yi hani ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da taurari. Ashe ko mun ce malami za mu bi, sai mun zaɓi wanda za mu bi. Zaɓi kuwa sai da awo.

Kuma mu yi wa Malam Muhammadu adalci. A zamaninsa ana karanta lissafi da taurari da asiri tare, kamar gero da ƙaiƙayi a zangarniya ɗaya. Abin da ya iske ke nan, ya karance shi da iyakar ƙoƙarinsa. Manomin da ya kawo damin gero gida ba a zarginsa don an samu ƙaiƙayi ciki. Sussuka da sheƙa aikin waɗanda sunka karɓi damin ne.

Wani kuma zai ce: «Ai ni an taɓa yi mini duba, ya zama gaskiya.» Yana yiwuwa. Amma sau nawa anka faɗa bai zama ba? Wanda ya dace shi ake ba da labarinsa a kasuwa. Wanda ya saɓa, kunya ke rufe shi. In kana son gaskiya, tunda yanzu ka iya rubutu, rubuta abin da mai duba ya faɗa, da ranar da ya faɗe shi. Bayan shekara ka buɗe takardar, ka ƙirga.

Na uku zai ce: «Ko ba gaskiya ba ne, yana kwantar da hankali.» Haka ne, mai damuwa yana bukatar abin da zai riƙe. Sai dai wani kwanciyar hankalin tsada gare shi. Akwai mai sayar da akuyarsa ya kai wa mai duba jikka biyar, ga yara ba hatsi. Akwai zumuncin da ya tsinke don an ce wa mace kishiyarta ce ta kama ɗanta. Mafi muni, mace ta kwana ta wuni tana naƙuda, ana jiran rubutu ya yi aiki. Doguwar naƙuda tana kashe ɗa, tana kashe uwa, wadda ta tsira kuma wani lokaci ta samu yoyon fitsari. Ba wanda ya hana addu'a. A yi ta, ana ɗaura wa amalanke shanu za a likita. Hausawa sun ce: Allah ya ce tashi in taimake ka.

Abin da ya kamace mu

Girmama malami daban, haɗiye duk maganarsa daban. Ɗan da ya gaji gonar ubansa yana noma inda ke ba da amfani, yana barin fako, kuma ba wanda zai ce ya raina uban.

In an kawo muku wani ilimi, ku yi masa tambaya uku. Ta farko: ina iya gwada shi da kaina, ko wani amintacce ya gwada a gaban jama'a? Ta biyu: in ya saɓa, mai shi zai yarda ya saɓa, ko zai ce laifina ne? Ta uku: in ƙarya ne, me zan rasa? In goro ne, da sauƙi. In ran mutum ne, kada a jira.

Daga Malam Muhammadu Bakatsine mu ɗauki naci ga karatu, wanda ya kai shi daga Katsina har Masar. Mu ɗauki son lissafi. Mu ɗauki rubutawa, don da bai rubuta ba, da yau ba mu da abin da za mu auna. Sauran kuwa, mu sheƙe shi.

Ku kai hatimin nan makarantar dare, ku tara shi tare da ƴan'uwa. Wanda ya iya jera mai gida 25 har kowane layi ya ba da 65, sai ya rubuto mana, mu buga sunan garinsu.