Mudun Gero a Shekarar Annoba: Wa Ke da Hakki a Kansa?

Ya ɗan'uwa mai-karatu, ko kai sabon mai-bi ne, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, ina roƙonka ka zauna mu yi tunani tare a kan wata tambaya wadda ta dame mu ƙwarai a nan Sakkwato cikin shekara ta 2020. Sa'anda annoba ta sauko, abinci kuma ya yi kaɗan, wa ke da hakki a kan ɗan abin da ke hannun mai-bin Yesu? Iyalinsa ne kaɗai, ko 'yan'uwansa na Ikilisiya, ko kuwa har da maƙwabcinsa wanda ba ya bin hanyarsa? Kada ka ce wannan magana ta wuce, gama ƙasarmu ba ta rabuwa da irin waɗannan kwanaki. Kakanninmu sun ga murar 1918 wadda ta shigo ta Ikko a jirgin ruwa, mu kuwa mun ga sanƙarau a 2017 kafin Korona ta zo.

I. Abin da ya faru

Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka sami mutum na fari da cutar Korona a Nijeriya, a birnin Ikko. Kafin watan Maris ya ƙare an rufe makarantu duka. Cikin Afrilu cutar ta iso Sakkwato, ana tsakiyar zafin bazara. Mun yi Idin Tashin Ubangiji ran 12 ga Afrilu da zuciya mai-nauyi, maƙwabtanmu Musulmi kuma suka ɗauki azumi ran 24 ga watan. Aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha. Direba ya rasa fasinja, ɗan dako ya rasa kaya, malaman makarantun kuɗi da yawa suka yi watanni ba albashi. Gwamnonin Arewa suka shiga mayar da almajirai jihohinsu cikin motoci. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo suka zauna a gida, gama ban da annobar, malaman jami'o'i sun yi yajin aiki daga Maris har Disamba. Jarrabawar WAEC ma sai cikin Agusta aka fara ta. Mutane da yawa cutar ba ta taɓa jikinsu ba, amma yunwa ta shiga gidajensu.

II. Muryoyi uku

A cikin kwanakin nan 'yan Ikilisiyarmu suka tara ɗan abin da Allah ya hore, buhunan gero kaɗan da shinkafa da sabulu. Muka zauna da dattawa a inuwa, kowa nesa da ɗan'uwansa, domin mu shirya rabo. Nan na ji muryoyi uku.

Dattijo na fari ya ce, "Malam, gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Mu ba namu, shi ke nan."

Na biyu ya ce, "A'a, a ba na waje ma, amma wanda ya karɓa a gaya masa ya zo sujada ran Lahadi. Ƙofa ce Allah ya buɗe mana."

Na uku ya ce, "Ni dai ban ga dalilin fita ba. Wanda ya shiga gidan mutane ya ɗauko cuta, wa zai riƙe 'ya'yansa?"

Kada ka yi gaggawar raina mutanen nan. Kowannensu yana da ɗan rabo na gaskiya a bakinsa, shi ya sa tambayar ta yi wuya.

III. Ga mai-cewa a ba namu kaɗai

Gaskiya ne akwai jeri cikin hakki. Manzo Bulus ya tsauta wa wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa (1 Timoti 5), ya kuma koya mana mu fara tuna 'yan'uwa cikin bangaskiya (Galatiyawa 6). Mutumin da ya bar 'ya'yansa da yunwa domin a yabe shi a waje bai yi aikin ibada ba. Amma a wurin nan guda Bulus ya umurce mu da yin alheri ga dukan mutane. Jerin yana nuna inda za a fara, bai ce a tsaya nan ba.

Ka tuna misalin da Ubangiji ya bayar cikin Luka 10. Wanda ya tsaya ya ɗaure raunukan matafiyi Basamariye ne, mutumin da Yahudawa ba su haɗa ƙwarya da shi. Ubangiji ya zaɓe shi da gangan domin kada mu zana iyaka a inda Allah bai zana ba.

Ni kaina na ga irin wannan. Wani yaro na cikin Ikilisiyarmu, ɗalibi daga garin nesa, hanya ta rufe masa, kuɗinsa kuma ya ƙare. Mai-gidan da ya ke haya, Musulmi ne dattijo, ya yafe masa kuɗin ɗaki, kowace yamma kuma in an sha ruwa sai a aiko masa da kunu da ƙosai. Sa'anda na je yin godiya, dattijon ya ce, "Haba Malam, ɗa na kowa ne." Na fita da kunya, gama mu muna gardama a kan mudu, shi kuwa ya riga ya cika abin da mu ke karantawa.

IV. Ga mai-cewa a ba su domin su zo

Wannan murya ta fi ta fari haɗari, domin tana sanye da rigar himma. Mai-kamun kifi a Gulbin Rima yana ba kifi abinci, amma da ƙugiya a ciki, ba kuwa wanda zai kira shi mai-jinƙai. Idan ka ba mayunwaci gero bisa sharaɗi, ka mai da yunwarsa igiya, ka kuma mai da Bishara abin ciniki. Ubangiji ya ciyar da taro mai-yawa, amma da suka biyo shi saboda gurasa ya faɗa musu gaskiya a fili (Yohanna 6). Ya warkar da kutare goma, ɗaya kaɗai ya komo, bai kuwa janye lafiyar sauran tara ba (Luka 17).

Kai mai-bincike, ina gaya maka da babbar murya: idan Kirista ya taɓa ba ka abinci, ba ya binka bashin kome. Ka ci da kwanciyar rai. Idan za ka bi Yesu, ka bi shi domin ka gane gaskiyarsa, gama bangaskiyar da aka saya da shinkafa takan ƙare ran da buhu ya ƙare.

V. Ga mai-tsoro

Tsoron dattijo na uku yana da dalili. Mai-bi ba shi da izini ya jarraba Allah da ganganci. Wanke hannu, da rufe hanci da baki, da barin cunkoso, aikin ƙauna ne, domin suna tsare tsofaffi da raunana. Amma hankali dabam, gudu dabam. Ana iya ajiye mudu a bakin zaure, a yi sallama daga nesa, a koma.

Ikilisiya ta san wannan hanya tun da. Wajen shekara ta 250 wata babbar annoba ta auka wa daular Rum. Kifriyanus, bishop na Kartaj a arewacin Afirka, ya gargaɗi mutanensa su yi jiyyar marasa lafiya, har da waɗanda ba masu-bi ba, ko da shi ke ba da daɗewa ba aka tsananta wa Ikilisiya. A ƙasarmu ma, cikin shekarun 1930 ma'aikatan mishan na SIM suka karɓi aikin jiyyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato. A 2020 kuma bishop-bishop na Katolika suka miƙa wa gwamnatin tarayya asibitocinsu fiye da 400 domin keɓe masu-cutar. Wurin da majiyyaci ya ke, nan wurin mai-bi ya ke.

VI. Yadda muka yanke

Wadda ta raba gardamarmu wata tsohuwa ce ta Zumuntar Mata. Ta ce, "Ku yi mini gafara, iyayena, ku tambayi gidan da bai hura wuta jiya ba, ku fara da shi." A kan maganarta muka tsaya. Ga ka'idodin da na ke ba ka, domin ka riƙe su kafin wata rana ta zo.

1. Ka ciyar da gidanka, amma ka san bambancin bukata da marmari. Sau da yawa abin da mu ke kira rashi, rashin nama ne kawai.

2. Ma'aunin rabo shi ne tsananin bukata. Gwauruwa, maraya, baƙo, ɗalibin da ya rasa hanyar gida, almajirin da ke tsaye a ƙofa: a duba wanda ya fi matsuwa, kada a tambayi sunansa ko addininsa.

3. A yi rabo da amana. A sa mutum biyu ko uku masu-shaidar kirki su riƙe lissafi, kamar yadda manzanni suka yi sa'anda aka yi gunaguni a kan gwauraye (Ayyukan Manzanni 6). Mun ga cikin Oktoba 2020 yadda jama'a suka fasa rumbunan kayan agaji a Jos da Ikko, da suka ji abinci na ajiye suna kwana da yunwa. Kayan talakawa ba abin jinkiri ba ne.

4. A rufa wa mai-karɓa asiri. Kada ka tsai da gwauruwa gaban buhu ka ɗauki hotonta. Ubangiji ya hana mu busa ƙaho a kan sadaka (Matta 6).

5. Kada ka ce ba ka da kome. Masu-bi na Makidoniya sun bayar daga cikin talaucinsu (2 Korintiyawa 8). Wani malami a cikinmu, shi kansa ba albashi, ya riƙa koya wa yara uku-uku lissafi a zaurensa domin kada karatunsu ya mutu.

6. Idan kai ne mabukaci, ka faɗa. Ba abin kunya ba ne hannu ya nemi taimakon ɗan'uwansa, gama jiki ɗaya ne.

A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa Korona ta daina zama abin gaggawa ga duniya. Amma har yanzu akwai gidaje a unguwarka inda ba a ɗora tukunya kowace rana. Ka fara da su tun yau, domin hannun da bai saba bayarwa cikin sauƙi ba, da ƙyar zai buɗe cikin tsanani.

Addu'a: Ya Allah Ubanmu, kai da ka ke aiko da ruwa bisa gonar kowa, ka cire mana rowa da tsoro da riya. Ka buɗe idanunmu mu ga mayunwaci, ka ba mu zuciya ta bayarwa ba da neman lada wurin mutum ba. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.