Takun Farfela da Nauyin Jirginka

Ɗana, na ji kana neman sabuwar farfela don jirginka ya riƙa wuce na abokanka ranar kasuwar Yawuri. Son sauri ba laifi ba ne, domin wanda ya riga isa gaɓa shi ke fara sauke kaya ya fara lodin komowa. Amma zauna mu yi magana kafin ka kai kuɗinka shago. Na sha ganin wannan ɗan ƙarfe ya kashe injin da aka yi shekaru ana tara kuɗinsa.

Kwance farfelar da ke jikin injinka, ka wanke ta, ka duba cibiyarta. Za ka ga lambobi biyu, irin 11 1/8 x 13 da ake yawan samu a injin Yamaha mai doki 40. Ta farko faɗin farfelar ce a inci. Ta biyun ita nake kira taku, wato nisan da farfela za ta ci a juyi ɗaya da a ce cikin katako take shiga kamar ƙusa mai murɗi. A wannan lamba ta biyu samari ke ruɗuwa. Sai ka ji an ce a sa mai 15 ko 16, wai dogon taku shi ne gudu.

A takarda haka yake. In injin na juyi 5,000 a minti, giyarsa kuma tana raba juyin biyu, farfela mai taku 13 ya kamata ta ci kusan kilomita 50 a awa. To amma ruwa sulɓi gare shi, farfela tana zamewa a cikinsa, kuma jirgin katako mai ɗauke da buhunan shinkafa, babura da fasinja ba zai ko kusanci wannan lissafi ba. Dubi ɗan dako da buhu a ka. Gajerun taku yake yi, da sauri-sauri. Ka tilasta masa dogon taku, ka ga ko zai kai bakin mota bai durƙusa ba. Haka injinka yake.

Kowane inji yana da iyakar juyin da masu ƙera shi suka tsara masa idan an buɗe totur gaba ɗaya. Ga Yamaha Enduro mai doki 40, tsakanin 4,500 ne da 5,500 a minti. Aikin farfela shi ne ta ajiye injin a cikin wannan tsakani. In takunta ya yi tsawo, injin ba ya kaiwa. Za ka ji yana nishi ƙasa-ƙasa, fulogi na yin baƙi, fistin na ɗaukar zafi, fetur na tafiya, jirgin kuma na jan ciki. In takun ya yi gajarta, sai ya yi ta ƙara kamar zai tsage, ya wuce iyakarsa, yana cin kansa a banza. Makanikai sun daɗe da lura cewa inci ɗaya na taku yana canza juyi da kusan 150 zuwa 200. Ke nan in mai 13 ta tsayar da kai a 4,200, mai 11 za ta ɗaga ka zuwa wajen 4,500 ko 4,600, kuma sau da yawa jirgin ya fi gudu da ƙaramar.

Don Allah kada ka dogara da kunne kaɗai. Nemi makaniken da ke da mitar auna juyin inji, ka biya shi ya hau tare da kai. Kuma ku gwada da lodin da ka saba ɗauka, ba jirgi fayau da sassafe ba. Farfelar da ta yi daɗi da mutum biyu a ciki ita ce za ta shaƙe injin ranar kasuwa.

Sai batun ƙarfen. Ta ƙarfen da ba ya tsatsa ta fi ƙwari, kunnuwanta sirara ne, takan ƙara ɗan gudu. Ni dai a tafkin Kainji ta alminiyom nake zaɓa maka. Tun da aka gama madatsar a 1968 ruwa ya rufe filaye da itatuwansu, kuma har yau kututture na nan a ƙasa, musamman idan ruwa ya ja baya. Masu jirage a Yeji, kan tafkin Volta, su ma sun san wannan masifa. In alminiyom ta daki kututture, kunne ne zai lanƙwashe ko ya gutsure. Mai ƙwarin kuwa takan miƙa dukan zuwa sanda da haƙoran giya, kuɗin gyaransu kuma ya ninka na farfela sau da yawa. Batun yawan kunnuwa kuwa, farfela mai kunne huɗu ta fi riƙe ruwa da jan nauyi, mai uku ta fi ta ɗan gudu a ƙarshe.

Wani lokaci ma laifin ba na taku ba ne. In an ɗaura injin ya yi sama, farfela na shaƙar iska, sai juyi ya haura jirgi bai motsa ba. Farantin da ke bisa farfela ya kamata ya yi kusan daidai da gindin jirgi. In robar cibiya ta saki, haka za ka ji inji na ihu babu ja. Farfelar da aka daddaka da guduma aka yi mata walda kuwa, karkarwarta ce ke cinye sanda a hankali.

Abin da babu farfelar da ke magance shi shi ne lodin da ya wuce kima. Ka tuna Mayun 2021, lokacin da jirgin da ya nufi Wara a jihar Kebbi ya nutse da mutane fiye da 100. In ka ga ruwa ya kusa leɓen jirgi, rage kaya, ko da masu kayan za su ji haushinka.

Ka ajiye tsohuwar farfelar a cikin jirgi, tare da noti, fin da sifana, a ɗaure cikin leda. Duk mako ka kwance wadda ke aiki ka duba bayanta, don zaren taru yakan naɗe a sanda ya yanke robar da ke tare ruwa. In ka zare man giya ka gan shi fari kamar nono, ruwa ya shiga, kada ka tayar da injin sai an canza robar da man.