Fasali a kan tsoron wucewar rabo da abin da yake yi wa muridi

  

Ku sani, ya ku 'yan'uwa cikin ɗariƙa, Allah Ya datar da mu da ku, akwai wata cutar zuciya da ta yawaita a wannan zamani, ita ce tsoron kada a raba alheri a wurin da bawa ba ya nan. Alamarta ita ce muridi ya zauna a da'irar wazifa, carbi a dama, waya a hagu, yana leƙen maulidin da ake yi a Kaulaha, ko ziyarar da wane ya kai Fas. Jikinsa yana zawiya, zuciyarsa tana yawo. Na can bai same shi ba, na nan kuwa ya kuɓuce masa.

Asalinta abu biyu ne: raunin yaƙini game da rabo, da yawan duban abin da ke hannun mutane. Ita waya, sa'ar farin cikin mutum take nuna maka, ba ta nuna bashinsa ko jinyarsa. Sai ka auna dukan rayuwarka da ɗan abin da ya so a gani, ka raina ni'imar da kake ciki.

Illarta uku ce. Ta farko a jiki: ya raba dare yana kallo, barci ya ƙaurace masa, asuba ta tsere masa, ya wuni da kasala. Ta biyu a dukiya: ya ci bashi domin tafiyar da ba a wajabta masa ba, ya bar iyali babu cefane, alhali ciyar da su wajibi ne. Ta uku a zuciya, ita ce mafi muni: ya riƙa tsalle daga wannan shehi zuwa wancan yana neman sirrin da yake zaton an ɓoye masa. Misalinsa kamar mai dashen albasa ne, kullum yana tuge ta yana sake mata kwami. Yaushe za ta yi saiwa? Saboda irin wannan, yana cikin sharuɗɗan Tijaniyya kada muridi ya haɗa wuridinta da na wata ɗariƙa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Idan ka ce: ashe ba a umurce mu da rige-rige zuwa alheri ba? Jawabi: na'am, amma ga ma'auni. Tsoron da ya tashe ka zuwa sahun farko da cika wuridinka, abin yabo ne. Wanda ya ɗauke ka daga aikin da ke gabanka zuwa begen wanda ba a ɗora maka ba, waswasi ne, ko da ya zo cikin rigar ibada.

Imamu Ƙushairi, wanda ya rasu shekara 465 ta hijira, da ya zo bayanin kalmomin sufaye cikin Risalarsa, da waƙati ya fara, watau halin da bawa yake ciki yanzu. Ibnu Aɗa'illahi kuma, wanda ya rasu a Alƙahira shekara 709, ya wallafa Attanwir a kan barin tsara wa kai al'amari tare da Allah. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Abin da in ya wuce ba ya dawowa shi ne numfashin da ya fita cikin gafala.

Maganinta: ka kashe waya tun daga alwala har ka shafa addu'a, kada kuma ta kwana kusa da kanka. Ka lazimci shehinka da wuridinka safe da yamma. In ka ga ɗan'uwa ya samu ziyara, ka roƙa masa karɓuwa, domin wannan yana kashe hassada tun tana ƙarama. Kafin barci ka ƙirga ni'imomin yininka, ka gode.

Allah Ya azurta mu da wadatar zuci da halartowa cikin ambatonSa. Amin.